Wa Ya Ce Mutanen Zango Baƙi Ne?



Har yau akwai masu kiran mu baƙi a Wagadugu. To, su tambayi kakanninsu. Kafin sojan Faransa su shigo garin nan a 1896, ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro suna yada zango a nan. Mosawa da kansu suka raɗa wa unguwar suna Zangwetin, wato wurin mutanen zango. Kusa da ita ga Peuloghin, unguwar Fulani.

A zango, Bafulatani zai sauka gidan maigidansa, a ba shi tabarma da tuwo, a nemo masa mai saye, a ajiye masa kuɗinsa ba takarda, sai amana.

A 2003 gwamnati ta turo katafila da sunan shirin ZACA, aka rushe unguwannin, aka watsa jama'a Waga 2000 da Nioko. An biya diyyar gini. Wa ya biya diyyar maƙwabtaka? Shekaru suka wuce filaye da yawa na nan fayau, sai ciyawa.

Jama'a, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Abin da ya ci Zangwetin zai iya cin kasuwar shanu, da burtali, da mashaya. Mu haɗa kai mu nemi takardun filayenmu tun katafila ba ta iso ba.

Allah Ya kare mu da dukiyarmu, amin.