Hollywood Ta Tagar Mota

Tun da aka raɗa wa industirinmu suna Kannywood a ƙarshen shekarun 1990, matasa da yawa suka ɗauka Hollywood wani ƙaton gida ne mai get, inda mutum zai leƙa ya ga jarumai suna shan iska. Ina! Unguwa ce kawai a cikin birnin Los Angeles na Jihar Kalifoniya, kuma birni ne da ba a yi shi don mai tafiya a ƙafa ba. Tun 1961 aka daina amfani da jajayen jiragen ƙasan da ke zirga-zirga a cikinsa, mota ta gaji sarauta. Yau akwai sabon jirgin ƙasa, amma wanda ke son ganin garin da idonsa dole ya yi hayar mota.

Abin farko da zai tare baƙo bayan ya baro filin jirgin sama, a yankin Inglewood, wani shirgegen fanke ne mai huda a tsakiya, an kafa shi a kan rufin shago, faɗinsa ya kai wajen mita 10. Sunan wurin Randy's Donuts, tun shekarun 1950 yake nan. Waɗanda suka kalli Iron Man 2 (2010) za su tuna inda Robert Downey Jr. ya kishingiɗa cikin hudar yana cin abinsa. Dabarar mai sauƙi ce: direban da ke gudu ba ya karanta ƙaramin allo, sai a nuna masa abin da ake sayarwa da girman da ba zai wuce bai gani ba. Mai karatu ya riƙe wannan, don kusan duk abin kallon garin haka ya samo asali, talla ce.

Kusa da nan babbar hanya mai lamba 105 take, inda aka ɗauki yawancin gudun bas ɗin nan na fim ɗin Speed (1994), wanda bam zai tashi idan ya yi ƙasa da kilomita 80 a awa. Sirrin shi ne an ɗauki fim ɗin kafin a buɗe hanyar. Da yau ne, da yamma, ai go-silo kaɗai ya isa ya tashi bam ɗin.

Idan aka miƙa arewa sai Hollywood kanta. Abin dariya, lokacin da take ƙaramin gari an haramta sayar da giya a cikinta. Wannan ya karya kasuwar wata mashaya a titin Sunset, sai kamfanin Nestor ya kama hayarta a 1911, ta zama sutudiyon farko a unguwar. Masu fim sun baro gabashin Amurka ne saboda rana da ake samu kusan duk shekara, da kuma gudun Thomas Edison, wanda ke maka mutane a kotu kan haƙƙin na'urar ɗaukar fim. Wato dai rigimar haƙƙin mallaka ba a kasuwar kaset ta Ƙofar Wambai aka fara ta ba.

Rubutun nan na kan dutse kuwa, da ake nunawa a finafinai kamar alamar ƙasa, wani kamfanin sayar da filaye ne ya kafa shi a 1923. HOLLYWOODLAND aka rubuta, sunan sabuwar unguwar da suke talla. A 1949 aka cire LAND. Zuwa shekarun 1970 ya ruɓe, baƙaƙen suna zubewa, sai a 1978 mutum tara suka ba da kusan dala 28,000 kowannensu, harafi ɗaya mutum ɗaya, aka sake shi da ƙarfe. Ba a barin kowa ya taɓa shi, shinge ne da kyamarori. Mai mota sai ya hau zuwa Griffith Observatory, gidan kallon taurarin sama da aka buɗe a 1935, daga can zai hango shi sosai. A harabar nan ne Arnold Schwarzenegger, Kwamando ɗinmu, ya fara bayyana a The Terminator (1984).

Titin Hollywood Boulevard shi ne inda gwiwar masoyi ke yin sanyi. Taurarin da aka fara dasawa a daɓen gefen titi a 1960 sun haura 2,700, amma kewaye da su shagunan tsaraba ne, da masu sa kayan Spider-Man suna neman na goro a kan hoto ɗaya, da bayin Allah marasa wurin kwana. Ita kanta tauraruwar ba kyauta ba ce, wanda ya gabatar da sunan jarumi sai ya biya sama da dala 70,000. A 2025 aka sanar da zaɓen Deepika Padukone, masoya Indiya sai su sha kurumin su. Guda ɗaya ce tak ba ta ƙasa: ta ɗan dambe Muhammad Ali, wadda aka maƙala a bango a 2002, a ƙofar zauren da ake bikin Oscar, domin ya ce bai yarda a taka sunan Annabi (SAW) da ƙafa ba.

Jarumai fa? Ba sa nan. Cikin manyan kamfanonin da, Paramount kaɗai ya rage a Hollywood. Warner da Disney suna Burbank, bayan dutse, Sony tana Culver City.

Daga nan sai a bi titin Santa Monica yamma har bakin teku. Wutsiyar tsohuwar hanyar Route 66 ke nan, wadda aka buɗe a 1926, ta taso daga Shikago, tafiyar kusan kilomita 4,000, kuma ita ce kartun ɗin Cars (2006) ya yi wa kuka. Gwamnati ta soke ta daga jerin manyan hanyoyi a 1985. A kan gadar katakon da ta shiga cikin ruwa akwai allon da ke cewa nan hanyar ta ƙare, ana layin ɗaukar hoto a gindinsa. A 2009 aka kafa shi, ainihin ƙarshen hanyar yana can baya, a wata mahaɗar titi da ba mai waiwayarta.