A Binciki Tsoka Kafin A Rubuta Magani

Sankarar huhu ba iri ɗaya ba ce, don haka bai kamata a yi wa masu ita kuɗin goro wajen magani ba. A 2004 masu bincike a Amurka suka gano cewa waɗanda maganin gefitinib ya fi yi wa aiki su ne masu sauyi a ƙwayar halittar EGFR. A 2007 kuma masana a Japan suka gano irin wannan tangarɗa a ƙwayar halittar ALK, har aka amince da maganin crizotinib domin masu ita a 2011. Ɗan guntun tsokar da likita ya ciro daga ƙarin, in an rina shi ko an karanta ƙwayoyin halittarsa a ɗakin gwaji, shi ke nuna abin da ke ingiza cutar. Wasu na cewa gwajin yana da tsada kuma yana jinkirta jinya. Haka ne, amma maganin ya fi shi tsada nesa ba kusa ba, kuma wanda ba shi da sauyin da wuya ya amfana da shi. Saboda haka wajibi ne asibitoci da hukumomin inshorar lafiya su ɗauki gwajin a matsayin matakin farko na jinya.