Kuɗin Jama'a Amana Ne

A watan Oktoba 2019 Alhaji Abdul'aziz Yari, mutumin Talata Mafara, tsohon Gwamnan Zamfara, ya rubuta wa Gwamnati takarda yana neman a ci gaba da biyansa naira miliyan 10 kowane wata, kamar yadda doka ta tanada. A shekarar 2019 mafi ƙarancin albashi naira 30,000 ne, watau abin da mutum ɗaya zai karɓa ya kai albashin ƙananan ma'aikata fiye da 300.

Ran 26 ga Nuwamba sai Faruk Musa Dosara, wakilin Maradun, ya kawo batun soke dokar a Majalisar Jiha a Gusau. Ya ce abin da ake ba tsofaffin shugabanni ya haura naira miliyan 700 a shekara. Wakilin Bakura, Tukur Jekada Birnin Tudu, ya goyi bayansa, Majalisa ta yarda. Kashegari Gwamna Bello Matawalle ya sa hannu.

Waɗansu sun ce siyasa ce kawai, don a lokacin Majalisar ta PDP ce, shi kuwa Yari ɗan APC ne. Ko da haka ne, mu a ganinmu aikin ya yi daidai, gama dokar ce ta buɗe ƙofar ɓarna. Amma soke doka rabin aiki ne. Kowane ma'aji ya sani kuɗin da aka tsimi ba su da amfani sai an rubuta inda suka shiga. Lalle wakilai su riƙa tambayar wannan, mu kuma mu riƙa tambayarsu.