Wasiƙa Daga Danko: Malamin Wasa Malamin Hali Ne

Zuwa ga Edita. Ina roƙo ka ba ni ɗan filin nan da ka saba ba ni, gama yau ina da magana a kan mutanen da ke koya wa yaranmu ƙwallo, waɗanda samari ke kira koci, mu kuwa mu ke ce da su malaman wasa.

Abin da ya ta da maganar wani abu ne da na gani da idona nan Danko, bayan an kawar da amfanin gona. An shirya wasan ƙwallo tsakanin yaran unguwarmu da na wani ƙauye da ke kusa da mu, aka yi sharaɗi kada a sa wanda ya wuce shekara 15. Jikana yana cikin yaranmu, ya yi wata biyu cur yana fita gwaji tun da sassafe. Ran wasa sai ga malaminsu ya zo da wani ƙato, wanda kowa ya sani ya isa aure, da takarda a hannu wai shekarunsa 14. Aka zaunad da jikana gefe, aka sa ƙaton. Muka ci su 3 ba ko ɗaya, gari ya ɗauki sowa.

Da dare yaron nan ya ƙi taɓa tuwo. Na zaci baƙin cikin hana shi wasa ne, na shiga lallashinsa. Sai ya dube ni ya ce, "Kaka, ashe in malam ne ya ce a yi ƙarya ba laifi?" Jama'a, na daɗe ban ji tambayar da ta hana ni barci kamar wannan ba.

Da gari ya waye na tafi wurin malamin, muka gaisa, na ce, "Malam, jiya ka ci wasa, amma ka san abin da ka koya wa yara?" Ya sunkuyad da kai, ya ce, "Baba, ko'ina haka a ke yi. Da an ci mu, ku ne za ku fara zagina." Na yi shiru, don akwai gaskiya cikin maganarsa. Ni ma har da ni cikin masu tafi.

To, a nan na tuna da kokawa. Mutanen wannan ƙasa ta Zuru, daga Dabai da Danko har Fakai da Sakaba da Wasagu, ba baƙin wasa ba ne. Dakarkari, watau Lelna, sun shahara da kokawa tun kaka da kakanni, har shahararren ɗan kokawa yana cikin waɗanda a kan girmama kabarinsu da tukwanen ado. Sa'ad da mu ke yara, manyan da ke tsaya mana a fage ba su haɗa yaro da wanda ba tsaransa ba. Wanda ya ka da ƙaninsa ba ya samun kirari, sai dariya. In an ka da kai kuwa, ka tashi ka kakkaɓe jikinka ka koma cikin 'yan'uwanka, gobe ma rana ce. Haka kuma golmo, noman da saurayi kan yi wa surukinsa shekara da shekaru kafin a ba shi mata. Ba ƙarfin dantse kaɗai a ke dubawa ba, har da haƙuri da cika alkawari. Waɗannan manya ba su riƙe takardar shaidar koyarwa ba, amma sun san fage makaranta ce.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne na ƙauye. Ƙaryar shekaru ta taɓa jawo wa ƙasar nan kunya a idon duniya. A 1989 hukumar ƙwallo ta duniya, FIFA, ta hana Nijeriya shiga wasannin matasa har shekara biyu, don ranakun haihuwar waɗansu 'yan wasa uku da aka kai wasannin Olamfik na 1988 sun saɓa da waɗanda aka ba da a baya. Aka kuma karɓe bakuncin gasar matasa ta duniya ta 1991 daga hannunmu. A 2009 aka fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura a gasar 'yan ƙasa da shekara 17, gama ƙashin yaro yana da wurin da bai gama haɗewa ba, na babba kuwa ya haɗe. A 2016, muna riƙe da kofin duniya na yara, aka gwada waɗanda aka tara, fiye da 20 suka faɗi gwajin, yaran Jamhuriyar Nijar kuwa suka fid da mu tun a wasan share fage. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ina tambaya, wa ya fara koya wa waɗannan samari rage shekaru? Ba a Abuja suka koya ba. A filayen unguwa irin namu suka fara gani.

Amma kada mu manta da alheri. Sau biyar Nijeriya ta ɗauko wannan kofi, a 1985 da 1993 da 2007 da 2013 da 2015. A 2013 Manu Garba, mutumin Gombe, shi ne malamin yaran. Suka ci Meziko 3 ba ko ɗaya a wasan ƙarshe a Abu Dabi, sa'an nan aka ƙara musu da lambar yabo ta wasa da ladabi. Ashe ladabi ba ya hana cin wasa.

Ban kuwa faɗa muku abin da malamin yaran ƙauyen nan ya yi ba. Sa'ad da aka tashi, yaransa suka fusata, waɗansu har sun fara tsintar duwatsu. Ya tsawata musu, ya jera su, ya sa suka bi yaranmu ɗaya ɗaya suna ba su hannu, har da ƙaton. Sa'an nan ya kai kukansa ga masu shirya wasan cikin lumana. A ganina shi ne ya ci wasa ran nan.

Saboda haka ga roƙona. Na farko, ku malaman wasa, ku sani yaro ya fi kwaikwayon abin da kuka yi bisa abin da kuka faɗa. In kun zagi alƙalin wasa, shi zai jefe shi. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Na biyu, masu shirya wasa su riƙa neman shaidar shugaban makarantar yaro da ta mai unguwarsu, gama a ƙauye kowa ya san shekarar da aka haifi kowa. Na uku, mu iyaye mu daina auna malami da yawan ƙwallayen da ya ci. Galibinsu ba albashi su ke samu ba, da kuɗinsu su ke sayen ƙwallo. Mu gode musu ran da aka ci su kamar ran da suka ci.

Malamin unguwarmu dai ya tara yaran, ya roƙe su gafara a gabana, na kuwa ga girmansa ya ƙaru a idonsu. Jikana ya koma gwaji. Allah ya ba mu masu koyarwa na gari, ya shirya mana zuriya, amin. Haza wasalam.

Naku,
Dattijon Danko