Sabuwar bindiga da lissafin harsashi 200

A Amurka, wanda ya sayi ƙaramar bindiga domin kare kansa, shawarar farko da masu koyar da harbi ke ba shi ita ce kada ya yarda da ita tukuna. Kamfanin Kahr ya rubuta a littafin da ke rakiyar bindigoginsa cewa a harba harsashi 200 kafin a dogara da su. Kimber kuwa, a wasu samfuransa, har 500 yake faɗa.

Ƙarfe sabo daga masana'anta yana da kaushi, sai sassan sun gogi juna kafin su daidaita. A cikin wannan gwaji ne ake gane gidan harsashin da ke da lahani, ko irin harsashin da ke maƙalewa. Wasu na ganin wannan aiki ne na kamfani da aka ɗora wa mai saye da kuɗinsa, kuma suna da hujja. Sai dai su ma ba su ce a ɗauki makamin da ba a taɓa gwadawa ba. Maganar ta ƙara nauyi tun watan Yunin 2022, lokacin da kotun ƙolin ƙasar ta tabbatar da ƴancin fita da bindiga waje.

To, me ya shafe mu? A yankunan Madarunfa da Gidan Rumji, inda satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi ƙauyuka, ana yawan jin masu cewa kowa ya nemi tasa. Fushin a fili yake. Amma shawarar ta Amurkawa ta tsaya ne kan abubuwa uku: filin harbi mai izini, harsashin shago, da kamfanin da za a mayar wa kaya idan sun ƙi aiki. Wanda ya sayi bindiga a ɓoye, wataƙila daga cikin waɗanda suka kwararo daga Libiya bayan 2011, ba shi da ko ɗaya. Bai san hannu nawa ta ratsa ba, kuma in ya gwada ta a bayan gari, jandarmomi ne za su fara amsa masa, tun da riƙe makami ba takardar izini laifi ne a Nijar. Hukumar CNCCAI, wadda aka kafa a 1994, irin waɗannan makamai take tattarawa.

Ke nan gwajin farko na irin wannan bindiga yakan faɗo ne a daren da maharan suka shigo, cikin duhu, da iyali a ɗaki.