Wanda Ya Rayu Shi Ke Ba Da Labari

Ban cika yarda da littafin da attajiri ya rubuta a kan kansa ba, domin mai kaya ba ya kushe kayansa a kasuwa. Duk da haka, "Always Fresh" na Ron Joyce, wanda ya fito a 2006, ya cancanci karatu.

A 1964 ne Tim Horton, shahararren ɗan wasan hoki na ƙanƙara, ya buɗe shagon kofi da donot, wani nau'in fanke mai huda a tsakiya, a garin Hamilton na ƙasar Kanada. Joyce kuwa ɗan sanda ne a garin, maraya da ya bar makaranta da wuri. Ya karɓi shagon a matsayin mai hayar suna, zuwa 1967 ya zama abokin tarayya.

Hayar suna ita ce ƙashin bayan labarin. Mutum ya zuba jarinsa ya buɗe shago da sunan kamfani, ya bi tsarinsa sau da ƙafa, ya riƙa biyan wani kaso na cinikinsa. Kamfani ya yaɗu da kuɗin wasu, mai shago ya sami sunan da jama'a suka riga suka amince da shi. Sharaɗi ɗaya ne mai wuya: kofin da aka sha a Hamilton ya zama shi ne za a sha a ko'ina. A nan Joyce ya yi fice, kuma a nan littafin ya fi amfani ga ɗalibin kasuwanci.

Inda na tsaya na yi dogon tunani shi ne Fabrairun 1974, lokacin da Horton ya rasu a hatsarin mota, ya bar mata da 'ya'ya mata huɗu, shaguna kuma sun kai kimanin 40. Joyce ya sayi rabon matar, Lori, a kan dala miliyan 1 da mota ƙirar Cadillac. Daga baya ta kai ƙara, tana cewa ba ta cikin hayyacinta sa'ad da ta sa hannu, saboda shaye-shayen da ta yi fama da shi. Kotu ta kori ƙarar a 1993. Zuwa 1995, shekarar da aka haɗe kamfanin da Wendy's na Amurka, shaguna sun kai 1,000.

A shari'ance Joyce ya fita. Hujjarsa ma tana da ƙarfi: guminsa ne ya mai da 40 suka zama 1,000, kuma dala miliyan 1 ba ƙaramar dukiya ba ce a wancan zamani. Abin da ke damuna shi ne littafin ya fito bayan Horton da Lori duk sun kwanta dama, don haka babu mai cewa ba haka aka yi ba. Duk wanda ya ga yadda ake raba jarin tarayya a kasuwanninmu bayan rasuwar abokin ciniki ya san irin wannan zama: gefe guda mai riƙe da littafin lissafi, ɗaya gefen mai takaba.

Akwai kuma abin da ya ba ni murmushi. Sunan littafin na nufin kullum sabo, amma kafin ya fito kamfanin ya koma kai wa shaguna daskararren donot daga masana'anta, su ƙarasa gashi. Joyce ya soki wannan sauyi a fili. Sai dai a lokacin ya riga ya sayar, ba shi da sauran ta cewa.