Tudun Da Tumaki Suka Yi Wa Ado

Yau zan janye ku daga hayaniyar siyasa mu leƙa wani tudu a ƙasar Jamus. Akwai wata magana game da makiyayi da na daɗe ina son mu yi, kuma wannan tudu ya fi bakina iya bayyana ta.

A arewacin jihar Bavariya, kusa da wani ɗan gari mai suna Bad Staffelstein, kogin Main ya ratsa wani kwari mai faɗi. A gefen tudun da ke kallon kwarin akwai wata babbar majami'a ta mabiya ɗariƙar Katolika da ake kira Vierzehnheiligen, wato Waliyyai Goma Sha Huɗu. Daga bayanta hanyar ƙafa ta tashi, ta ɗan hau, sannan ta miƙe tsakanin gonaki da kurmi da filin ciyawa har zuwa ƙololuwar wani tudu da ake kira Staffelberg, mai tsayin mita 539 daga doron teku. Tafiyar ba ta kai awa biyu ba ga mai tafiya a tsanake. Na taka ta a wani watan Mayu da aikin bincike ya kai ni yankin, na kuwa tarar da tsofaffi masu dogara sanda da yara 'yan firamare a kanta. Daga ƙololuwar ana hango kwarin gaba ɗaya, da tsohon gidan ruhubanawa na Banz a ɗaya gefen kogin.

Asalin majami'ar daga wani makiyayi ne. A riwayar mutanen wurin, a shekarar 1445 wani saurayi mai suna Hermann Leicht, wanda ke kiwon tumakin gidan ruhubanawa na Langheim, ya ce ya ga wani jariri yana kuka a tsakiyar fili, da ya matsa zai ɗauke shi sai ya ɓace. A shekarar 1446 ya ce ya sake ganinsa, wannan karon da wasu yara goma sha huɗu kewaye da shi, suka nemi a gina masu wurin ibada a nan. Kiristocin Jamus na wancan zamani suna da wasu waliyyai goma sha huɗu da suke kamun ƙafa da su a lokacin cuta da tsanani, al'adar da ta yaɗu tun zamanin babbar annobar da ta cinye Turai a ƙarni na 14. Gaskata wannan riwaya lamari ne na masu addinin. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne an gina ƙaramin ɗakin ibada a wurin, masu ziyara suka yi ta kwarara, aka ƙone shi a boren manoma na 1525, aka sake tayar da shi.

Ginin da ke tsaye yanzu an fara shi a 1743, aka kammala a 1772, bisa zanen shahararren maginin nan Balthasar Neumann. Wanda aka ɗora wa kula da aikin ya gusar da harsashin daga inda aka tsara, sai ya zamana gurbin da makiyayin ya nuna bai faɗo inda zanen ya tanadar masa ba. Gini ya riga ya tashi, gurbin kuma ba ya ɗaukuwa. Neumann ya sake fasalin cikin majami'ar baki ɗaya, ya mai da shi da'irori masu siffar ƙwai da suka shiga juna, har gurbin ya dawo tsakiyar zauren. Masana gine-gine na lissafa wannan zaure cikin mafiya kyau a Turai, alhali sawun mai kiwon tumaki ne ya tilasta masa wannan siffa.

To, bari mu fito waje, domin abin da ya fi ɗaukar hankalina yana bakin hanya. Tudun na dutsen farar ƙasa ne, irin wanda ake siminti da shi, kuma a can da ƙarƙashin teku yake, shi ya sa ake tsintar gurbin dodon-koɗi a jikin duwatsunsa. Ƙasar da ke samansa ba ta da kauri, ruwan sama kuma zurarewa yake ta cikin tsagogin dutse. Manomi zai kira irin wannan wuri faƙo. Amma a kansa ne ake samun tsirrai iri-iri da ba a ganinsu a ƙasa mai taki. Da sanyi ya fara ja da baya, wani fure mai launin shuni da gashi-gashi a jikinsa ke fara buɗewa, Jamusawa na ce masa Küchenschelle. A watannin Mayu da Yuni sai furannin okid na daji su biyo baya. Can wajen Agusta wata ƙaya mai farin fure kamar azurfa ke shimfiɗa kanta a ƙasa. Tsakaninsu akwai wani ɗan ganye mai ƙamshi irin wanda ake sa wa a girki, da gajerun itatuwa masu tsinin ganye da ake kira Wacholder, ga malam-buɗe-littafi kala-kala.

Baƙo zai ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Ruwa ba ya tsami banza. Da an bar wannan tudu da kansa, da kurmi ne ya rufe shi. Mutane ne suka sare itatuwan tun zamanin da, tumaki kuma suka hana su dawowa shekaru aru-aru. Tunkiya takan cinye ciyawa mai laushi mai saurin tsawo, ta bar mai ɗaci da mai ƙaya da mai dafi, sai ƙananan tsirrai su sami rana. Kofatonta na buɗe ƙasa iri ya sami wurin kamawa. Gashinta na kwasar iri daga wannan tudu zuwa wancan. Da dare kuma ana saukar da garken a killace shi a gonaki, taki ya zuba inda manomi ke bukatarsa, tudu ya ci gaba da zama marar taki yadda furanninsa ke so. A kudancin Jamus har gwanjon daren garke ake yi a da, manomi ya biya kuɗi don tumaki su kwana a gonarsa. Duk wanda ya tashi a karkararmu ya san wannan ciniki, domin haka iyayenmu ke gayyatar Bafulatani ya sauka a gona bayan kaka, a sallame shi da damin hatsi.

Daga baya kiɗa ya sauya. Ulu mai araha ya riƙa shigowa daga ƙasashe irin su Ostireliya, auduga ta cika kasuwa, takin zamani ya sa manomi ya daina neman garke. Jamus da ke da tumaki sama da miliyan 20 a tsakiyar ƙarni na 19, yau ba ta da miliyan 2. Kuɗin ulu sau da yawa ba ya biyan ladan mai aski. Tituna da sababbin gonaki sun datse hanyoyin da garke ke bi. Inda tumaki suka janye, cikin 'yan shekaru sarƙaƙiya ta mamaye, itatuwa suka biyo ta, furannin suka mutu a inuwa. Sai a lokacin aka gane cewa shinge da allon gargaɗi ba su isa su tsare irin wannan fili ba, dole sai da bakin dabba. Yanzu gwamnatin Bavariya na ƙulla yarjejeniya da makiyaya tana biyansu don su yi kiwo a irin waɗannan tuddai, wani lokaci a haɗa da awaki saboda su ke iya ƙaya.

Wannan biya yana tafe da sharaɗi. Akwai lokacin shiga da na fita, akwai inda garke ba zai kwana ba. Mai yawon shan iska ma da nasa. Sashe na 141 na tsarin mulkin Bavariya na 1946 ya bai wa kowa 'yancin shiga daji da tuddai, amma doka ta ce idan shuka na tsaye a gona sai dai a bi hanya, kuma ba a tsinkar furen da aka kare. Manomi da makiyayi da mai ziyarar ibada da ɗan yawon buɗe ido duk suna bin tudu ɗaya, kowa ya san iyakarsa.

Ba ina cewa a kwafo tsarin Jamus a dasa a ƙasarmu ba. Su ƙarancin dabbobi ne ya dame su, mu kuwa a wurare da dama yawansu ne a kan ƙasar da ruwa ke yi wa ƙaranci, ga jinin da aka zubar wanda ba a share shi da labarin furanni. Abin da nake jan hankali gare shi ɗaya ne. A duk muhawarar da muke yi kan burtali da makiyaya da mashaya, tambayarmu ita ce yadda za a rage ɓarnar makiyayi. Ba kasafai muke tambayar wane aiki yake yi wa ƙasa ba, da kuma abin da zai biyo baya ranar da ya daina. Jamusawa ba su yi wannan tambaya ba sai da garkunan suka watse, ga shi yau suna biya da kuɗin haraji abin da a da suke samu a ɓagas. Mu har yanzu garken na nan, kuma dattawan da suka san sharuɗɗan tsohon cinikin taki da hatsi ba su ƙare ba. Ya kamata masana aikin gona da na tsirrai a jami'o'inmu su zauna da su, a rubuta abin da suka sani, a auna abin da kiwo mai ƙa'ida ke yi wa ƙasa, kafin majalisa ta yanke hukunci a kan abin da ba a auna ba.

Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.